Kuɗin Adakar Baba

Wata uku da rasuwar Baba
adakarsa na rataye bayan ƙyaure.
Mu biyar, duk maza, ba maharbi.
Ɗan'asabe ya ce a sayar, a raba.

Na kai ta maƙera a Saminaka.
Jatau ya leƙa bakinta, ya shinshina,
ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce:
"Ƙarfen da sauransa, kunamar ta gaji.
Dubu arba'in, ga mai lasisi kawai."

A caji ofis kofur ya warware takardar Baba,
ta yi laushi kamar tsohuwar naira.
Sarkin Baka ya dangwala yatsa.

Dubu takwas-takwas.
Gurbin da kafaɗarsa ta ci a ƙotar,
wannan ba wanda ya taya.

Har yau ban cire ƙusar ba.