Rumbu Ya Cika

Daren Talata wuta ta dawo Ƙofar Marusa,
na kunna tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mani,
sai ga jan layi a ƙasan allo kamar idon mai fushi:
saura giga biyu, babu sauran wuri.

Walat ɗin da na sa don 'yan sulallan da na tara,
ladan zanen da na yi wa wani mai shago a Legas,
ashe ba jaka ce kaɗai ba, uwar haɗama ce.
Kundin cinikin duniya take jawowa shafi-shafi,
wanda ya saya a Sin, wanda ya sayar a Masar,
kowa sai ya kwana ɗakina ba sallama,
ni da ko tabarmar baƙo ban da sarari.

Na fara shara. Fina-finai suka tafi, ban ji komai ba.
Takardun makaranta, hotunan walimar Sallau,
duk na kora. Ta haɗiye, ta lashe baki,
ta ce a ƙaro, da sauri.

Sai yatsana ya tsaya kan wani fayil:
muryar Inna Lantana, minti arba'in da ɗaya,
ranar da na ɗauke ta tana tsinkar zogale a Batagarawa
tana faɗan jikokin da ba su iya riƙe taɓarya ba.
Shekara uku ke nan da muka raka ta.
Na janye hannu kamar na taɓa garwashi,
na rufe allo, na kwana ina nazari.

Da safe na nufi Ƙofar Ƙaura,
shagon Ɗayyabu mai tabarau ɗaure da zare.
Ya duba, ya yi dariya har da tari:
"Kai, mi ya kai ka ɗaukar kasuwa duka a ka?
Akwai inda za ka ce mata ta yi sassabe,
ta karanta tsohon kundi, ta tabbatar, ta zubar,
ta riƙe na kusa-kusa, giga kaɗan sun isa.
In data ta fi ƙarfinka, nemi ƙaramar walat
wadda ba ta dakon kowa.
Amma kafin ka taɓa komai, ina irinka?"
Na ce, wane iri?

"Kalmomi goma sha biyun da ta ba ka ranar farko."
Na ce suna cikin waya, hoto na ɗauke su.
Ya kama haɓa. "Jatau, ka rataye makulli a ƙofar gida
ka rubuta ga shi nan da alli.
Buɗe sabuwa yau, ka kwashe, waccan ta sha iska.
Kwamfuta rumbu ce, gara na ci, wuta na ci,
ɓarawo na ɗauka, a sake ginawa.
Ba a sake ginin iri."

Nan na tuna shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri.
Mun ci rumbu har muka share ƙasansa da tafin hannu,
amma damin geron da ke rataye saman murhu,
hayaƙi ya baƙanta shi, Inna ba ta kwance ba.
Muna kuka, tana cewa wanda ya ci wannan ya ci baɗi.

Na sayi biro da littafin naira ɗari biyu.
Na rubuta da hannuna, sau biyu, ƙofa a rufe.
Na aika sulai kaɗan na gwada, ya isa, na aika saura.
Takarda ɗaya na cikin gwangwani, nesa da ɗigar rufi.
Ɗayar, ko wannan waƙa ba zan gaya wa ba,
baki shi ke yanka wuya, shi ke tona asiri.

Yanzu layin ya koma shuɗi.
Walat na can tana lissafinta a hankali,
ni kuwa na danna fayil ɗin da ya tsira.
Kaji na kuka a bayanta, turmi na amsawa,
Inna na cewa, "Kashe abin nan, ka zo ka riƙe mani faifai,
rana na yi, ga zogale a gari."