Mai Riƙe da Makulli

Bakwai saura kwata na yamma.
Iskar teku na dukan tagogin gidan tsofaffi
a gaɓar Buchan, can arewacin Scotland,
inda rana ke tashi aiki tun ƙarfe huɗu.
Ni ce Ishbel Cargill.
Makullan kabad ɗin magani na rataye a ƙuguna,
sun fi yadda ido ke ganinsu nauyi.

Gado talatin da ɗaya.
Ma'aikata biyar a takarda, huɗu a ƙasa,
dusar ƙanƙara ta toshe hanya,
Kirsteen kuwa ba ta da fiffike.
Na goge sunanta a jadawali, na rubuta nawa.
An ce babba juji ne.
Ba a faɗa mini jujin ma yana kwanan zaune ba.

Maganin kashe zafi ba ya fita sai da shaida:
ni in ƙirga, Murdo ya ƙirga,
hannu biyu a rajista, kowa da sunansa.
Goma sha tara. Mu sake. Goma sha tara.
Shekara goma muna tare, bai taɓa cin amana ba,
amma yarda daban, lissafi daban.

Ɗaki na shida, Effie Strachan,
wadda ta yi shekara arba'in tana feɗe kifi a tasha,
yau fatarta ta fi ɓawon albasa laushi.
Na ɗaga bargo, na ga ja a diddige.
Takarda ta ce an juya ta ƙarfe uku.
Diddige ya ce ƙarya ne.

Na kira Shona ɗakin wanki, na ja ƙofa,
don faɗa a gaban jama'a ba ya gyara kowa.
Wata biyu ke nan da fara aikinta.
Ta yi kuka, ta ce ƙararrawa uku suka buga lokaci guda.
Na ce na sani, ni ma na taɓa tsayawa a tsakiyarsu,
amma alƙalami kada ya riga hannu.
Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.
Muka koma tare, ta riƙe kafaɗa, na riƙe ƙugu,
muka juya Effie kamar ƙwai.
Rahoton kuwa na rubuta shi, ban rage harafi ba,
har da nawa laifin: ni na bar ta ita kaɗai.

Ƙarfe huɗun asuba, Dod ya fito da takalmi ƙafa ɗaya,
wai jirginsa zai tashi, yara na jiransa.
Jirgin da aka sayar tun ina makaranta.
Ban ce masa babu ba.
Na ce, kyaftin, dubi teku, yau ba ta fita ba ce.
Ya leƙa duhu, ya jinjina kai,
ya karɓi shayi da hannu biyu.

Ɗaki na sha ɗaya numfashi ya canza salo.
Na san wannan tafiyar, na sha raka ta bakin ƙofa.
Na bugo wa likita, na bugo wa 'yarsa a Perth,
na zaɓi kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa:
ki taho a hankali, amma ki taho yanzu.
Kafin ta iso, hannuna ne a cikin nasa.
Da ya cika, Murdo ya ɗan buɗe taga
yadda kakanninmu ke yi.
Ni na dubi agogo, don wani sai ya rubuta lokaci.

Sifeto zai zo ran Talata ya duba fayil,
zai ga sa hannu, zai ga kwanan wata.
Ba zai ga shayin Dod ba.

Bakwai na safe, har yanzu duhu.
Motar share ƙanƙara ta wuce, Kirsteen na bayanta.
Na kwance makulli na miƙa mata, da ɗuminsu.
Talatin, na ce. Ki fara da diddigen Effie.