Ƙullun Ƙarfe Uku

Shekara arba'in da ɗaya ina gasa burodi a Viana,
a lungun da ke gangarawa bakin kogin Lima.
Gari na munshari, ni ina cuɗa ƙullu.
Yanzu na sayar da gidan burodin, na rataye rigar aiki,
amma ba wanda ya gaya wa jikina aiki ya ƙare.

Ƙarfe uku, ido biyu tar.
Ƙararrawar coci ta buga, na taya ta ƙirga.
Gwiwa na ƙorafi, mafitsara na aike na banɗaki
kamar yaron shago.
Gefen Deolinda na gado kuwa sanyi ƙalau,
shekara shida ke nan rabon da mu kwana tare.

An ce barci ɓarawo ne.
To, na bar masa ƙofa, na bar masa taga.
Ya leƙo, ya ga tsoho, ya ga ba abin ɗauka,
ya haura katangar maƙwabta,
ya bar ni zuru da dare.

'Yata Graciete ta kawo ƙwayoyi farare.
Na sha, na nutse kamar dutse a rijiya,
na tashi da kai cike da auduga.
Daren Talata ƙafa ta ci amanata a bakin matakala,
goshi ya sha ɗinki huɗu.
Na ce a'a, wannan ba barci ba ne,
mutum ne aka ɗaure.

Likita Fontoura yarinya ce, sa'ar jikata.
Ba ta rubuta kome ba, tambaya ta yi ta yi.
Gahawa kofi nawa? Biyar, na ce, har da na bayan cin dare.
Gyangyaɗin rana fa? Awa biyu gaban talabijin.
Ta yi dariya: Malam Amílcar,
kai ka cinye tuwon dare da rana,
ka zo kana cewa an bar ka da tukunya a share.

Gahawa ta tsaya da tsakar rana.
Gyangyaɗi, minti ashirin, ko ɗaya kada ya ƙaru.
Da safe ka fita rana ta ga fuskarka.
Agogo, juya shi ya kalli bango.
In ido ya ƙi rufuwa, kada ka yi kokawa da matashi,
tashi ka yi wani abu a hasken da bai da ƙarfi,
in hamma ta zo ka koma.
Mako biyun farko da wuya, in ji ta. Ka daure.

Na daure, ina ƙunƙuni.
Na riƙa bin gaɓar teku da hantsi har wurin masunta,
Belmiro na gyaran koma, yana yi mini tsiya:
mai burodi ya ga rana, yau za a yi ruwa!
Iskar gishiri ta gajiyar da ni gajiya mai daɗi,
irin wadda na manta ana more.

Wani dare ƙarfe uku ta sake tashe ni.
Ban yi faɗa ba. Na shiga kicin,
na auna fulawa kofi biyu, gishiri, yis, ruwan ɗumi,
hannu ya tuna abin da ya sani.
Na rufe kwanon da tsohon mayafin Deolinda,
na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin ya tashi.

Kukan tsuntsayen teku ya farkar da ni. Bakwai da rabi!
Ƙullu ya kumbura har ya ture mayafi,
ya zubo kan tebur.
Na tsaya ina dariya ni kaɗai, ba takalmi.
Shekara arba'in da ɗaya na san ƙullu ba ya son a leƙa shi:
ɗumi, duhu, a rufe, a kau da kai.
Ashe ni ma haka nake so a tsare.

Ba kullum yake zuwa ba.
Jiya sai biyar ya zo, ya tafi shida.
Amma na daina jiran sa a bakin ƙofa da sanda.
Burodin kuwa ya yi tsami kaɗan.
Na kai wa Belmiro, ya ce gishiri ya yi yawa,
muka ci tare.