Kalmar da Falmata Ta Kawo

Falmata ta dawo daga jami'a da kalma a baki
kamar tsakuwa cikin shinkafa.
Ta tofar da ita a kan takarda, ta miƙo mini:
epexegetic.

Na ɗaga tabarau, na sauke.
Shekara talatin da ɗaya ina tafinta a kotun Damagaram,
na ci Faransanci, na sha Barbarci,
Ingilishi kuwa ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Ta ce, Kaka, siffa ce.
Ana liƙa ta ga maganar da ke bin bayan magana
tana riƙe mata fitila.
Ka faɗi abu, ka ga idon mai ji bai cika ba,
sai ka ƙara kaɗan.
Masu harshen ma, in ji malaminsu,
sai su tsufa ba su furta ta ba.

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Gaɓa biyar, don aikin da wato ke yi da biyu!
Inna tana aikena Kasuwar Dole:
je ka wurin Barmu, wato mai awon gero,
ba na Birni mai ɗinkin jaka ba.
Ɗan garuwa a Garin Malam:
ruwa ya zo, wato famfo ya yi tari sau biyu.

Sai dariyar ta tsaya mini a wuya.

Wata Talata, wani manomin Mirriya,
Kiyari sunansa, rikicin iyakar gona.
Alƙali ya ce wata shida,
ya ɗora 'yar kalma mai nufin ba za a rufe shi ba.
Na faɗi wata shidan da Hausa,
na tsaya haɗiyar yawu.
Cikin haɗiyar nan uwarsa ta zube a siminti.
Wato zai kwana gida, na ce,
wato yau ɗin nan, wato tare da ke,
ina jefa wato kamar guga a rijiyar rani.
Ta farfaɗo.
Har ta bar duniya ba ta amsa gaisuwata ba.

Falmata ta ce, ba ni misali, gobe za a karɓa.
Rana ta jingina da duwatsun bayan gida.
Na ce, rubuta: Kakana ya yi shiru, wato

Ta tsaya, alƙalami a sama,
tana jiran sauran.