Yajin Bankok a Gangare

A bayan wani tsohon rasit ya rubuta shi,
rasit ɗin duwatsu masu ƙyalli
da ya kai Bankok shekarar da aka yaye ni.
Rabi boko, rabi ajami,
tawadar ta sha ruwa, ta bazu.
Baba Sallau, mai gane dutse daga nesa,
yau harshensa bai gane gishiri.
Tun da ciwo ya taɓa ɓarinsa na hagu,
tuwo takarda, miya ruwan bunu.
Sai jiya da la'asar ya ce, "Barmani,
a yi mini abin nan na bakin titi."

Na sauka Farin Gada da sanyin safiya.
Kaneng ta zubo mini tsiduhu a tafin hannu,
ta ce, "Wa ya ɓata miki rai?"
Lemon tsami biyar, tafarnuwa dunƙule guda,
lawashi da raɓarsa a jika.
Sukarin da takarda ta ambata ban same shi ba,
mazarƙwaila ta ce za ta tsaya masa.
Ruwan kifi sai a wani kanti bayan Taminus,
'yar kwalba kamar ta turare,
kuɗinta ya sayi zakara.

Ina buɗe ta mage ta shigo ba sallama.
Inna ta toshe hanci daga bakin rijiya:
"Yau daddawa ta ga yayarta!"

Ɗanyar shinkafa, cokali biyu,
a busasshen kasko, ba mai, ba ruwa.
Na juya, na juya,
har ta yi launin gyaɗar amaro,
ƙamshinta ya kori wancan warin zuwa soro.
Ƙaramin turmi ya karɓe ta,
sannan barkono, sannan tafarnuwa.
Na yi atishawa uku, taɓarya ba ta tsaya ba.

Takarda ta ce: tsami, gishiri, zaƙi, zafi,
kada ɗaya ya hau wuyan ɗaya.
Ba ta ce nawa ba.
Halinsa ke nan, ko a ciniki
bai taɓa fara faɗin nawa ba.

Na ɗanɗana, kunnena ya yi ƙara.
Na matsa lemo, ta koma fuskar mai bin bashi.
Na ɓantaro mazarƙwaila, ta shiga tsakani,
aka sasanta, ba don an so ba.

Hadari ya taso ta Dutsen Shere
lokacin da na ajiye masa tire:
gasasshen nama ba ƙuli, soyayyen dankali,
da ɗan kwano a tsakiya, ja wur.
Hannun dama ya ɗauka, ya tsoma,
ya kai baki.

Shiru.
Ruwa ya fara buga kwano.
Gumi ya tsatso masa a goshi,
a wannan sanyin.

"Ba haka take yi ba."

"Wa?"

"Tsohuwar. Shekara shida ina cin kifi a rumfarta,
ba ta jin bakina, ba na jin nata.
In na ƙware sai ta ƙyalƙyale da dariya,
ta miƙo mini kokwamba."

Sai ya ƙware.
Tari ya girgiza har ɓarin da ya yi barci.
Na ruga na yanko kokwamba,
na dawo ina dariya, ban san na fara ba.
Ya dube ni ta cikin hawayen barkono,
ya daɗe yana duba,
irin duban da yake wa dutse a gaban taga.

Ya turo kwanon da yatsa ɗaya.
"Da saura?"