Tiren da Ya Dawo Cike

Shekara goma sha tara ina riƙe da ludayi
a wannan makaranta ta birnin Daegu.
Ban iya lissafin da suke yi a allo ba,
amma na san cikin yara ɗari takwas
kamar yadda mai rijiya ya san tsawon igiyar gugansa.

Han-gyeol, ɗan ajin ƙarshe, mai dogon wuya,
kullum sai ya miƙo tirensa sau biyu:
"Inna, ƙara mini ƙwai kafin shugaba ya waiwayo."
In harare shi, in zuba.

Da kaka ta shigo, saura kwana arba'in babbar jarrabawa,
tire ya fara dawowa yadda ya tafi.
Shinkafa ta huce, miyar ganyen teku ta kwanta,
cokali a bushe.
Litinin, Talata, na ce mura ce.
Laraba ya kyautar da lemarsa ana tsaka da ruwa.
Alhamis ya kawo mini biron da ya ci a gasa,
ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur:
"Na gode da duk ƙwan nan, Inna."
Godiyar ta fi ƙarfin ƙwai.

Bara ma an yi mini irinta.
Seul-bi ce, mai tsince karas daga abinci.
Na yi dariya, na ce ta matsa, layi na jira.
Mako bai zagayo ba sai fararen furanni a kan teburinta,
malamai na magana ƙasa-ƙasa,
kowa na kewaye kalmar kamar rami a hanya.
Mun yi shiru. Shirun bai dawo da ita ba.
Daga baya aka tara mu, har da mu 'yan kicin,
wata mata ta ce: ku tambaya kai tsaye,
tambaya ba ta shuka abin da babu.

To, na ajiye ludayi. Layi ya tsaya.
Na ja shi bayan kicin, gefen tulunan kabeji mai yaji,
hannuna na rawa cikin safar roba.
Na ce, "Han-gyeol, kana tunanin kashe kanka ne?"
Kalmar ta fito, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ya daɗe yana kallon takalmansa.
Ya ce kansa ya zama jirgin ƙasa na ƙarshen dare,
fitilu a kunne, ba kowa ciki, kuma ba ya tsayawa a tasha.
Barcin awa huɗu. Darasi har goman dare.
Mahaifinsa ya sayar da tasi don kuɗin darasin,
maki kuwa na suɓucewa kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu.
"Ni ne asarar gidanmu," in ji shi.

Ban ce masa kowa ma haka ya sha ba.
Ban ce wasu sun fi shi wahala ba.
Ciwon da ya fi ƙarfin ludayi
akwai masu saninsa a hawa na biyu.
Matakala talatin da shida, na ƙirga,
gwiwata na kuka, hannunsa cikin nawa,
har ƙofar Malama Byeon mai ba da shawara.
Ta kira mahaifiyarsa.
Na zauna a benci ina warin albasa har suka fito.

Ba zan ce ya warke ba.
Duk Juma'a yana ganin likita,
wata rana fuskarsa a rufe kamar shago da daddare.
Biron na aljihun rigar aikina,
na gaya masa ajiya ce, sai ya zo ya karɓa.

Jiya dusar ƙanƙara ta fara sauka.
Ya cinye rabin shinkafa, ya dawo layi,
ya turo tire bai ɗago ido ba:
"Akwai sauran ƙwai?"

Babu.
Na kunna murhu.