Hannun Majemi

Ranar Alhamis, kasuwar Dole na ci,
wuƙar kankarar fata ta zame wa Baba Mutari,
ta tsaga masa gindin babban yatsa.
Ya ɗaure da tsumma, ya ƙarasa fatar da ya fara,
sai bayan la'asar ya miƙo mini hannun
kamar mai biyan bashin da yake musu.

Na wanke, na yi ɗinki huɗu.
Na ce: Baba, an riga ni aiki.
Tun jinin bai taɓa ƙasa ba
jijiya ta tsuke bakinta,
'yan ɓarɓashin jini suka manne da juna,
wani furotin ya warware, ya zama zare,
ya saƙa koma ya kama jajayen ƙwayoyi.
Wannan baƙin ɓawon da kake son ɓamɓarewa,
rumfa ce. Akwai ma'aikata a ƙarƙashi.

Ya ce: Barira, karatun Yamai ya ƙara miki surutu.

Kwana uku ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ja.
Ya zarge ni, ya zargi allurata.
Na ce fararen ƙwayoyi ne suka zo shara,
suna cinye datti da gawar 'yan'uwansu,
in sun ƙoshi su canza hali,
su saki saƙo, ɗigon sinadari, ba murya,
a kira masaƙa.

Masaƙan nan ba su da kwarkwaro.
Daga cikinsu suke tofo zaren,
igiya uku a murɗe wuri ɗaya,
sunanta kolajin.
Wasu su kama gaɓar miki nan da can
su yi ta ja, dare da rana,
kamar mai tsuke bakin burgami.
Sabuwar fata na rarrafowa daga gefe,
ba ta tsayawa sai ta yi karo da 'yar'uwarta.

Na ce: Baba, shekara arba'in
abin da kake jiƙawa a kwatarniya ke nan.
Toka ta cire gashi, wuƙa ta cire nama,
abin da ya saura, wanda bagaruwa ke ɗaurewa,
shi ne wannan zaren.

Ya yi shiru. Ya juya hannun.
Ya tashi ya shiga zaure
ya fito da fatar akuya, ja, ta sha karan dafi,
ya ɗaga ta ga rana.
Dubi nan, in ji shi. Ƙaya ta taɓa yagar ta tana 'yar ƙarama.
Wurin ba ya shan rini daidai.
In ka ja, nan yake fara ba da kai.
Dukawan Birni suna rage mini dala ashirin a kansa.

Na ce haka ne. Fatar asali saƙar tabarma ce,
zare ya hau zare ta kowace fuska.
Tabo kuwa aikin gaggawa ne,
an jera zaren gefe guda, a toshe kafin ɓarawo ya shigo.
Shekara guda jiki zai yi yana kwancewa yana sake ɗaurawa,
duk da haka ba ya mayar da ƙarfin duka.
Ɗan tayi a ciki kaɗai ke warkewa ba shaida.

Da bazara ta zo, duwatsun gari suna huci,
gumi ya jiƙe shi har gwiwar hannu
ban da wannan farin layin.
Ba gashi, ba gumi, sai ƙyalli.

Ya ce: to wa ke ce musu ya isa?

Na kai hannu ga kunnena na hagu,
inda hujin yarinta ya tsiro kamar ɗan goro,
masaƙan da ba su ji an tashi kasuwa ba.
Na ce: nan muka tsaya, Baba. Muna dai tambaya.

Ya ce: af.
Ya koma kan fatarsa.